Kofin Baƙon da Ake Jira

Annandale, Virginia
Oktoba 2024

Zuwa ga maigidana, Abban Rumasa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya da su Yaya Sabo da duk mutanen Haɗeja. Yaya ƙafar Hajiya? Yaya marasa lafiyarka? Yaya injinan wankin ƙoda, tunda su ma yanzu 'yan gida ne, dole a tambayi lafiyarsu. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa, sai kuma kewarka.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Gajiya na yi da waya. Duk ranar da na shirya magana, kafin in kai tsakiya ko netwok ya yanke, ko a ƙwanƙwasa maka ƙofar ofis, ka ce mini "to, to, zan kira." Takarda kam ba za ka ce mata to-to ba. Zan ɗauki hotonta in turo maka, ka karanta ranar da injinan suka ba ka hutu.

Ka tambaye ni ko 'yarka ta huce. Ba ta huce ba, kuma ka daina tambayata kamar zazzaɓi ne da zan auna in faɗa maka. Kai ba ka ga abin da na gani a filin jirgin Dulles bara ba. Yarinyar da sai na yi da gaske take amsa mini da Hausa, ta zauna ta rubuta "Sannu da zuwa Abba" a kwali da kalar zinare, tana yi tana tambayata ko ta rubuta daidai. Muka tsaya mutane suna ta fitowa, har masu shara suka fara kallonmu. Sannan saƙonka ya shigo, wanda ka ce tun jiya ka tura daga Abuja, cewa ɗayan likitan ya ajiye aiki, dole ka juya. Na san gaskiya ka faɗa. Na san da ka taho da an rasa rayuka, kuma wannan ne ya hana ni yin fushin da zai ishe ni. Amma ita shekararta goma sha shida a lokacin. Ta cusa kwalin a kwandon shara ta wuce mota, kuma tun daga ranar in na miƙa mata wayarka sai ta ce tana da aikin makaranta. Da sunan wata shida ka tafi, Abban Rumasa'u. Ga mu a shekara ta uku.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Ka nemi wuri ka zauna tukuna. 'Yarka ta shiga kulob ɗin al'adun Yahudawa na makarantarsu.

Na san ka miƙe. Koma ka zauna. Ni ma ina yanka albasa ta faɗa mini, saura kaɗan in haɗa da yatsa. Akwai wata yarinya a ajinsu, Shira, Bayahudiya. Wai a layin abinci suka haɗu, kowacce ta juya ledar alewa tana karanta abin da aka haɗa ta da shi don gudun alade, suka ɗago suka haɗa ido suka fashe da dariya. Ita ta ja ta kulob ɗin. Duk Alhamis bayan an tashi suke haɗuwa a ajin wata dattijuwa, Malama Pauline, mai koyar da kimiyya. Ba su da yawa, kuma ba duka ne Yahudawa ba, akwai ɗan Koriya, akwai 'yan Habasha biyu, ka dai san Annandale. Na tambaye ta ko ibada suke yi, ta ce a'a, yawanci ci suke yi, sai labari, sai musu.

Alhamis ɗin da ta wuce ta dawo da wani burodi mai kitso, wanda suke ci daren Asabar ɗinsu. Ashe duk kulob ɗin babu wanda ya iya kitsa shi da kyau sai ita, da hannun nan da na koya wa kalaba a kan 'yar tsana. Na ci da shayi, ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Sun kuma kafa wata bukka mai rufin ganye a bayan ɗakin wasanni, wai tunawa da zaman kakanninsu a hamada. Ta nuna mini hoto, na ce wannan ai rumfar gonar Yaya Sabo ce, sai dai tasu an rataya mata lemo.

Ban hana ta ba, ban kuma san ko daidai na yi ba. Tana sallarta a kan lokaci, mayafinta na kanta. Sannan rabona da in ji tana 'yar waƙarta a kicin tun kafin Dulles, sai yanzu. Ka faɗa mini ra'ayinka, amma ka sani mai ra'ayi a kan tarbiyya kamata ya yi a ce yana kusa.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce maganin shafawarta yana hannun matar Alhaji Munzali, ƙarshen wata za ta sauka Kano. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sake mana kai.

Matarka,
Mardiya


Annandale
Janairu 2025

Abban Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Hajiya da sauran 'yan uwa. Na ji an yi rasuwa a gidan maƙwabcinku, Allah ya jiƙansa ya ba su haƙuri. Kai kuma yaya tarin nan da na ji kana ɓoyewa a waya? Likita ne kai, amma ba ka fi ƙarfin zuma da citta ba.

Na samu amsarka, layi huɗu cif. "A bar ta, amma a sa ido." To na gode, Yallaɓai. Idon nawa biyu ne, ɗaya yana asibitin da nake aikin nas, ɗaya yana kan babban titin Beltway, sai ka turo mini na uku. Disambar da ka ce ma ta zo ta wuce, yanzu an koma "bayan azumi." Dusar ƙanƙara ta zuba a makon jiya, ni da 'yarka muka kwashe ta ƙofar gida da shebur ɗinka. Hannunsa ya yi mini tsawo, bayana har yau bai daina ciwo ba.

An fara magana a kaina. Na je suna Manassas, Hajiya Safiatou ta Maraɗi, mai sayar da atamfa, ta ja ni gefe, irin jan gefen da kowa yake ji. Wai ta ji 'yata ta koma cin abincin Yahudu, a wannan lokaci da kowa yake ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa, wai gidan da babu namiji dama haka yake. Na ce mata da namiji, aiki ne ya riƙe shi. Amma abincin bai ƙara shiga bakina ba, domin ni ma ina ganin hotunan nan, ni ma ina kuka a kansu.

Da na dawo na zaunar da Rumasa'u na faɗa mata. Ta ce ita ma tana kuka a kansu, kuma a kulob ɗin ma an yi musu a kai har wani yaro ya yi fushi ya fita. Amma wai Shira ba soja ba ce, 'yar aji goma sha biyu ce mai tsoron lissafi. Ta ce ranar da wasu yara suka ja mata mayafi a motar makaranta, Shira ce ta taso ta zauna kusa da ita, ranar da aka yi wa Shira mummunan zane a lokarta ta ajiye littattafai kuma ita ta taya ta gogewa. Ka ji, an ja wa 'yarka mayafi, ni da nake gida ɗaya da ita sai yanzu na sani.

Kafin hutu sun yi bikinsu na kyandir. Suka soya wani abu na dankali mai kama da ƙosan da aka taka, ta kawo mini a takarda. Abin da yake ba ni haushi, kuma kishi ne na sani, yarinyar da ba ta iya haɗa mini jimla uku da Hausa, ga ta tana rangaɗa kalmomin Ibrananci tana gyara wa ɗan Koriya. Har tana koya mini wai su ma sadaka suke cewa, da ɗan bambanci kaɗan.

Sai shekaranjiya muna cin tuwo ta ce Umma, su duk abin da suka sa a baki da labarinsa, wannan don an kore su daga wuri kaza, wancan don mai ya ƙi ƙarewa a fitila. Mu wane labari ne a cikin abincinmu? Me ya sa ake cika-ciki? Na buɗe baki na ga ni dai dafawa na iya. Kai ne mai labari a gidan nan, kai kake sa ta manta da loma a hannu. Na ce ta tambayi Abbanta. Ta ajiye cokali ta ce ta ƙoshi.

Kujerarka tana nan, mun mai da ita wurin ajiye wasiƙun banki da ledar kanti, don ganinta haka wayam ya fi ciwo. Ka kula da kanka. Ka daina shan shayi a madadin abinci, an faɗa mini.

Taka,
Mardiya


Annandale
Maris 2025, cikin azumi

Maigidana,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa muku da sauƙi duk da zafin da na ji ana yi. A gaida Hajiya, a ce kada ta matsa wa kanta, Allah ya ɗauke mata. A gaida su Yaya Sabo da yara.

Albishirinka. 'Yarka ta samu gurbi a jami'a, a Michigan, kuma abin da ka karanta take so ta karanta, duk da ta ce kada in kuskura in ce gado ta yi. Ta yi tsalle, ta rungume ni, ta kira Shira, suka yi ta ihu a waya. Na ga ta ɗauki wayar a karo na biyu, ta riƙe ta, ta kife ta a kan tebur. Farkon Yuni za a yaye su, Agusta ta tafi. Ka lissafa da kanka abin da ya rage na zamanta a gidan nan.

Azumi na uku ke nan muna buɗe baki mu biyu. Kunun gyaɗa har yanzu na mutum uku nake damawa, hannuna ya ƙi koyon na biyu, kullum sai an sa saura a firij. Yaran kulob ɗin sun yi wani bikinsu na rabon kyauta, kowa ya sa kayan ban dariya. Da suka tuna tana azumi, sai suka ƙunshe mata nata, Malama Pauline ta ƙara da dabino ta rubuta "sai rana ta faɗi" a jiki. Da shi muka sha ruwa ranar. Na so a ce Hajiya Safiatou tana wurin.

Bayan Sallah kulob ɗin zai yi babbar walimarsa ta shekara, ta tunawa da fitar Annabi Musa da mutanensa daga Masar, kuma an gayyaci iyaye. Rumasa'u ta ce an ba ta wani aiki a ciki, na tambaya ta ce in na je na gani. Katin gayyatar na mutum biyu ne. Kai ma ka ce "bayan Sallah." Ban faɗa mata ba, na daina kai mata irin wannan saƙo.

Ka sa mu a addu'a a goman ƙarshe. Ni kam kana cikin tawa, wani lokaci da daɗi, wani lokaci ƙara nake kaiwa.

Mardiya


Annandale
Afrilu 2025

Abban Rumasa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, duk da ta kwana biyu. Ina fata kuna lafiya, kai da Hajiya da kowa da kowa. Mu ma lafiya. "Bayan Sallah" ɗinka ne ban gane wace Sallar kake nufi ba, tunda Allah ya hore mana biyu a shekara.

Ina da labari. Farkonsa abin dariya ne, ka yi dariyarka da wuri, domin ƙarshensa ba shi da ita.

Jiya aka yi walimar kulob ɗin. 'Yarka ta ja mini kunne kada in makara, kada kuma in kawo cincin ko wani abu na fulawa, domin a wannan biki ba sa cin abin da ya kumbura, wai kakanninsu da gaggawa suka bar Masar ƙullu bai samu tashi ba. Na sayi dabino na sa a jaka tun safe. Sai wadda za ta karɓe ni a duti ta makara, Beltway kuma ta cushe kamar ana rabon kyauta a gaba. Da kayan asibiti na isa, ko ruwa ban sha ba tun azahar, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Na yi ta bulayi a cikin makarantar nan har na gano laburare, inda aka ce za a yi. Ina ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai ƙofar ta buɗe.

Rumasa'u ce riƙe da ita. A bayanta kuwa kowa a tsaye, yara da iyaye, shiru, duk ido a ƙofa. Na ce a raina kai, mutanen nan sun san darajar baƙo, mu ma ba ma miƙewa haka. Na rangaɗa sallama har da wa barakatuhu. Na hango kujera ɗaya babu kowa a kanta, a gabanta an ajiye wani kofi na azurfa cike taf. To wa ake ajiye wa kujera da abin sha in ba wanda ya makara ba? Wace 'yar Haɗeja ce za a tare ta da ruwan baƙo ta ƙi sha? Na zauna, na yi bismillah, na shanye tas. Lemon inabi ne, kwantar da hankalinka. Har da alhamdulillahi na yi da ƙarfi.

Sai na ga an yi cirko-cirko. Wani yaro ya toshe bakinsa da hannu biyu. Malama Pauline, 'yar gajeriyar tsohuwa mai farin gashi, ta fara dariya har sai da ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce tun tana yarinya take jiran ganin wanda zai sha kofin nan, ba ta taɓa zaton da kayan nas zai zo ba. Ɗakin ya kece da dariya, uban Shira har da tafi. Ni ma na yi ta yaƙe ban san kan zance ba. Da na waiga ƙofa, babu Rumasa'u.

Malamar ta ja kujera kusa da ni ta yi mini bayani. Ashe kofin ba na wanda ya makara ba ne. Na wani annabi ne, Eliyahu suke ce masa, wanda suka yi imani wata rana zai zo musu da albishir. Duk shekara in an gama cin abinci sai a cika masa kofi, a aiki yaro ya buɗe ƙofa, kowa ya miƙe ya duba. Ba a ganin kowa. Sai a rufe, a bar wa baɗi. Kofin kuwa ba mai taɓa shi. Abban Rumasa'u, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, ta ce in bari, wai na ba yaran nan labarin da za su ba jikokinsu.

Sannan ta rage murya. Ta ce a al'ada ƙaramin yaro ake aikawa ƙofa, kuma akwai ƙanana a kulob ɗin. Amma tun farkon shekarar karatu, ranar da ta ba su labarin bukukuwansu ɗaya bayan ɗaya, Rumasa'u ta jira kowa ya fita, ta roƙe ta ta bar mata ƙofar. Ta tambaye ta dalili. Ta ce wannan annabin mu ma muna da shi, Annabi Ilyasu, kuma sunan babanta ke nan. Na rubuta shi ne don annabi ne, ba don kai ba, ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba. Malamar ma ta ce in faɗa mata yadda muke furta shi, na kasa, na ce mu a wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ta kama hannuna ta riƙe.

Sai a lokacin fuskar yarinyar ta dawo mini, yadda na gan ta a ƙofa kafin ta gane ni ce. Ka gane, ta ji takun mutum a waje. Ta san kana Haɗeja, ba ƙaramar yarinya ba ce, ta san jirgi ba ya sauka a laburare. Amma fuskar da ta buɗe ƙofar da ita, ita ce wadda take yi tana 'yar shekara biyar in ta ji tsayuwar motarka. Da ta ga ni ce, fuskar nan ta mutu a gabana. Ni da na haife ta, jiya na zama wadda ba ita ake so a gani ba. Ina ta murnar an miƙe mini ban ma lura ba.

A wurin fakin na same ta, zaune a ƙasa ta jingina da tayar mota. Na ce ta yi haƙuri da maganar kofi, na kunyata ta a gaban ƙawayenta. Ta ce ba kofin ba ne. Kuma da Hausa ta faɗa, wannan Hausar tata mai ɗingishi. Ta ce su an ce dubban shekaru suke buɗewa ba su gaji ba, ita sau biyu ke nan, da na Dulles, kuma ta gaji. Ta ce ta ɗauka in ta buɗe ta ga babu kowa a cikin mutanen da suka saba ganin babu kowa, ita ma za ta koyi yadda ake rufewa a ci gaba da cin abinci, sai ga takun mutum. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba a filin jirgi. Shira ta fito da jakar Rumasa'u da dabinona, ta zauna a ɗaya gefenta.

Ta ce kada in faɗa maka. Ga shi na faɗa.

Ban taɓa ce maka ka bar marasa lafiya ba, yanzu ma ban ce ba. Amma Nijeriya ba ta rasa wani likitan ƙoda ba, ita kuwa yarinyar nan uba ɗaya gare ta. Fiye da shekara guda tana ɗauke maka wuta, kai kana cewa ta manta da kai, ni ina cewa wuyanta ne ya yi kauri, ashe tun Oktoba take riƙe da wannan ƙofa. Mutanen Malama Pauline Allah ya ba su haƙurin jira, ni bai ba ni irinsa ba. Ni ma so nake in ga ka shigo. Na gaji da zama jaruma, na gaji da ce wa mata "aiki ne ya riƙe shi." Ina kewarka har ina jin haushin kaina.

Kada ka kira ni ka ce to-to. In babu rana a bakinka, ka bar wayar.

A gaida Hajiya.

Mardiya


Annandale
Mayu 2025

Abban Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya, ka ce na ji saƙonta kuma na gode da faɗan da ta yi maka, Allah ya ƙara mata lafiya da ƙarfin murya. A gaida likitan da ya yarda ya zo daga Kano ya riƙe maka aikin, ban san shi ba amma yana cikin addu'ata.

Hoton tikitin ya iso. Na buɗe shi na ƙara girmansa na duba kwanan wata ya fi a ƙirga, kamar zai canja in na kau da kai. Na ga kuma akwai na komawa. Wannan maganar sai ka zo, ido da ido za mu yi ta.

Na nuna wa 'yarka. Ta kalla ta ci gaba da cin abincinta, can ta tambaye ni ko wannan na gaske ne ko irin na da. Na ce Allah ne masani, amma ni na yarda. Jiya an yi taron kulob na ƙarshe, suka yi bankwana da masu fita, ta dawo da burodin kitso biyu, ta yanka ɗaya ta naɗe ɗayan ta sa a firiza. Ban tambaye ta na wa ba ne.

Ta ce ba za ta je filin jirgi ba. Ni ma ba zan je ba, ƙafata ba za ta ƙara ɗaukar tsayuwar wurin nan ba. Ɗan Azumi mai tasi, na Greenbelt, shi zai ɗauko ka, na ba shi lambar jirgin. Ka zo da rigar sanyi mara nauyi, da safe har yanzu akwai iska. Ka zo da daddawa da kuka, na Hajiya, ba na kasuwa ba.

Abu na ƙarshe. Makullin da ke jikin zobenka ba zai yi maka aiki ba. Kubar ta lalace da sanyin bana, na sa an canja. Saboda haka sallama za ka yi a ƙofar gidanka, kamar kowane baƙo. Ni ina kicin, zan ji ka sarai, amma ba zan fito ba. Na faɗa mata haka, ta ce ita ba ta yi alkawarin komai ba. Ban san me za ta yi ba, wallahi ban sani ba.

In ka yi sallama ka ji shiru, ka sake. Na san an koya mana in mutum ya yi sau uku ba a amsa ba, ya juya. Kai kada ka juya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Mardiya